Alƙalin da Bai Taɓa Shaƙar Iska Ba

Wata rana da hantsi, cikin tsananin bazara, na tsaya wurin wani mai faci a gefen titi domin ya duba mini tayar baya wadda ta daɗe tana sace iska a hankali, kuma da ya kwance ta ya mirgino ta gabana, sai ya ɗora babban yatsansa a gefenta ya danna, ya nuna mini waɗansu ƙananan tsage-tsage birjik, kamar faso a diddigen manomi da hunturu, duk sun jeru sun fuskanci gefe guda. Ya ce, "Alhaji, wannan ba aikin ƙusa ba ne, rana ce ta ci ta. Ko da ka jingine motar nan shekara guda ba ka hau ba, haka za ka tarar da ita." Na ce, "To Malam, yi mini abin da ya sawwaƙa," na biya shi haƙƙinsa na tafi, amma maganarsa ta bi ni har gida, domin kuwa ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya rage shi ne dalilin wannan maƙala. Lalle rana tana da hannu cikin al'amarin, sai dai daga cikin manyan abubuwan da ke tsaga robar da aka miƙe akwai wata iska da ake kira ozon, wadda ido ba ya ganinta, wadda kuma babu salansar mota ko bututun masana'anta da ke fitar da ita, rana ce ke haifar ta a sararin birni daga hayaƙin da mu muka saki.

Ita wannan iska daɗaɗɗiya ce a wurin masana kimiyya, tun da wani Bajamushe mai suna Schönbein ya bayyana ta wajen shekarar 1840, ya raɗa mata suna daga kalmar Girkanci mai nufin wari, saboda wani ƙauri da take da shi wanda akan ji bayan tsawa ta faɗi kusa, ko a ɗakin da injin kwafin takardu ya wuni yana aiki. A can sama, nisan kilomita 15 zuwa 35, ni'ima ce daga Ubangiji, domin ita ke tace ƙunar rana kafin ta iso ga fatarmu. A nan ƙasa kuwa, inda yara ke wasa, tsofaffi ke shan hantsi, musiba ce mai ƙona huhu, mai tayar da ciwon fuka, mai rage albarkar alkama da waken suya a gona. Zatin guda ne, muhalli ne ya bambanta hukuncinsa. Tambayar da ta dame ni ita ce, yaya hukuma za ta yi shari'a da mai laifin da babu wanda ya gan shi ya fito daga gidan kowa, kuma har ina ya kamata mu amince da kwamfutar da aka ɗora bisa kujerar alƙalanci a wannan shari'a.

Wanda ke son ya fahimci asalin mas'alar, tilas ya nufi birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya a Amurka, domin a nan aka fara shan wuyarta, a nan kuma aka fara gano ta. Birnin yana zaune ne cikin wani kwari, teku ta yamma, duwatsu masu tsawo ta arewa da gabas, kuma a yawancin kwanakin zafi wata iska mai ɗumi takan kwanta bisa iska mai sanyin da ke shigowa daga teku, ta rufe ta kamar yadda faifai ke rufe ƙwarya, ta yadda duk abin da aka saki a ƙasa ba shi da hanyar tashi sama. Tun a 1542 wani matuƙin jirgin ruwa, Cabrillo, da ya ga yadda hayaƙin wutar mutanen ƙasar ke tsayawa cik bisa gaɓar, ya kira wurin da sunan mashigin hayaƙi. A ranar 26 ga Yuli, 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wani hazo mai sa hawaye da yaji a maƙogwaro ya lulluɓe tsakiyar birnin, har waɗansu suka zaci Japanawa ne suka kawo farmaki da iskar guba. Da hankali ya kwanta, sai aka yi abin da ɗan Adam ya saba yi, watau aka nemi bututun da ya fi kowanne baƙin hayaƙi aka ɗora masa laifi: wata masana'anta ce mai sarrafa sinadarin yin roba don bukatun yaƙi. Aka rufe ta, hazo bai fasa ba. A 1947 aka kafa hukumar kula da gurɓatar iska ta gundumar Los Angeles, aka bi masana'antu da matatun mai, daga baya har aka haramta ƙona shara a bayan gida, amma idanun jama'a ba su daina zubar da ruwa ba, manoma kuma suna ta kukan alayyafonsu yana ƙonewa a gona ba tare da wuta ba.

Wanda Allah ya buɗa wa ƙofar, mutum ne da ba a zata ba. Arie Haagen-Smit ɗan ƙasar Holan ne, malami a jami'ar Caltech da ke Pasadena, kuma abin da ya shagala da shi a lokacin shi ne binciken sirrin ƙanshin abarba. Da na'urar da yake daskarar da ƙanshin 'ya'yan itace ya zuƙi iskar gari mai yawan gaske ya daskarar da ita, ya sami 'yan ɗigon wani ruwa mai duhu da wari, wanda ya nuna masa cewa wannan hazo ba irin na Landan ba ne, wanda ke fitowa daga kwal da farar wuta cikin sanyi, irin wanda ya hallaka dubban mutane a Disamban 1952. Sai ya haɗa tururin fetur da iskar da ke fita daga ƙunar inji cikin tulun gilashi, ya haska musu haske irin na rana, ya sami hazon da ke sa hawaye, ya kuma sa shi ya ƙona ganyaye kamar yadda ake gani a gonaki. Ma'auninsa na ozon kuwa, wanda ya sa na tuna da mai facina, shi ne siririyar roba da yakan lanƙwasa ya ajiye a iska, ya riƙe agogo yana jira ya ga minti nawa za ta yi kafin ta fara tsagewa. Ya wallafa bayaninsa a 1952, kamfanonin mai da na motoci suka yi ta ja-in-ja da shi na 'yan shekaru, amma hujja ta rinjayi musu, har a 1968 ya zama shugaban farko na hukumar kula da iska ta jihar baki ɗaya.

Sai mai karatu ya yi haƙuri in tsaya kaɗan kan yadda abin ke faruwa, domin in ba a fahimci wannan ba, ba za a ga dalilin shigowar kwamfuta ba. Abubuwa biyu ne ke haɗuwa. Na farko iskar naitirojin oksayid, wadda ke samuwa duk inda wuta ta yi zafi ƙwarai, kamar cikin injin mota ko janareta, kuma zan kira ta iskar ƙuna don sauƙi. Na biyu tururi, watau abin da ke tashi daga fetur da fenti da kananzir da makamantansu. Ita iskar ƙuna tana da hali irin na mai ba da rance: idan rana ta buge ta, sai ta saki ƙwayar oksijin guda, ƙwayar ta manne wa oksijin ɗin da muke shaƙa, ya zama ozon, amma nan da nan sai mai rancen ta dawo ta karɓi abinta, ozon ya koma oksijin kamar yadda yake a da. Da a ce su kaɗai ne a kasuwar, da haka za su wuni, a ba da a karɓe, ozon ba zai taɓa taruwa ba. Fitinar tana zuwa ne sa'ad da tururi ya shigo, domin shi yakan biya mai rancen daga aljihunsa, ita kuwa da ta ga an biya ta sai ta ƙyale ozon, ta sake ba da wani sabon rancen, a sake biyan ta, haka har la'asar, ozon yana ta tsibi. Shi ya sa ba a ganin ganiyarsa da sassafe lokacin cunkoson motoci, sai bayan azahar, kuma sau da yawa ba a inda aka yi hayaƙin ba, sai can inda iska ta kora shi: a Los Angeles, mutanen garuruwan gabas da na kan duwatsun San Bernardino, nisan kilomitoci da dama daga tsakiyar birni, su ke shaƙar mafi muninsa, har itatuwan dajin suka yi ta rawaya.

Ga kuma inda hankalin yau da kullum ke tuntuɓe. Idan iskar ƙuna ta yi yawa ainun, kamar a tsakiyar gari inda motoci suka cushe, sai ta riƙa cinye ozon ɗin da ke kusa da ita, ta kuma danne sinadaran da ke sa tururi ya yi aikinsa, saboda haka hukumar da ta tashi da kyakkyawar niyya ta rage iskar ƙuna kaɗan, ba ta taɓa tururi ba, tana iya wayar gari ta tarar ozon ya ƙaru a daidai unguwannin da ta so ta taimaka wa. Wannan ba zance ne na takarda kawai ba. Shekaru da yawa an lura a Los Angeles cewa ranakun Asabar da Lahadi, alhali manyan motocin dizal sun ragu a hanya, ozon yakan fi na sauran ranakun mako, kuma a 2020, sa'ad da annobar korona ta kulle mutane a gida, an ga iskar ƙuna ta faɗi ƙwarai a manyan biranen ƙasar Sin, ozon kuwa ya hau a da yawa daga cikinsu. A bayan gari kuma, inda iskar ƙuna ta yi ƙaranci, al'amarin akasin haka yake, rage ta shi ne magani. Ke nan ciwo ɗaya ne, amma maganin da ya warkar da wannan unguwa yana iya tsananta shi a waccan, kuma babu wani shugaba, komai basirarsa, da zai iya riƙe wannan hisabi a ka, ba kuma za a iya rufe birni mai mutum miliyoyi na shekara guda don gwaji ba.

Daga nan ne aka koma ga hisabi. A farkon shekarun 1970, bayan dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970 ta wajabta wa jihohi su nuna yadda za su kai ga ma'aunin da aka gindaya, waɗansu masana, cikinsu har da John Seinfeld na Caltech da abokan aikinsa Steven Reynolds da Philip Roth, suka gina samfurin hisabi na sararin Los Angeles a cikin kwamfuta, suka wallafa shi a 1973. Siffar abin ba za ta zama baƙuwa ga wanda ya taɓa ganin malami yana zana hatimi a allo ba: akan yanka birnin gida-gida, kowane gida 'yan kilomitoci a kowane gefe, sannan a ɗora gidaje bisa gidaje zuwa sama kamar bene, a kowane gida a rubuta adadin kowane sinadari. Sai kwamfuta ta riƙa tambayar kowane gida, bayan kowane ɗan taƙin lokaci, me ya shigo maka daga maƙwabcinka na yamma, me ya fita ta gabas, me motoci da masana'antu suka zuba maka, me rana ta sauya a cikinka, me ya sauka ƙasa ya lalace. Ta rubuta sabon adadi, ta matsa gaba, haka tun daga asuba har dare. Tunanin kansa ya girmi kwamfuta, domin tun a 1922 wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya bayyana yadda za a yi hasashen yanayi ta wannan hanya, ya ƙiyasta cewa za a bukaci mutum 64,000 suna lissafi da hannu kafin a riski yanayin duniya yana tafiya. Abin da ya rasa a zamaninsa shi ne bawa mai lissafi wanda ba ya gajiya. Yau hukumar kare muhalli ta Amurka tana da samfurinta mai suna CMAQ, wanda ta fara fitarwa a 1998, kuma kyauta ne ga duk mai so.

Fa'idar wannan aiki ba ta ɓoyuwa, kuma ba na cikin masu raina ta. Da shi ne ake tambayar "in da", wadda ita ce tambayar mai mulki: in da an rage tururi da kashi 30 cikin 100, in da an sauya irin fetur, in da an tilasta wa kowace sabuwar mota na'urar tace hayaƙi, kamar yadda aka fara a Amurka da motocin 1975, me zai faru da iskar garin da ke can gabas ranar da ta fi kowace zafi? A 1955 an auna ozon da ya kai kashi 680 cikin biliyan a tsakiyar Los Angeles, alhali iyakar da dokar Amurka ta sa tun 2015 kashi 70 ne a matsakaicin sa'o'i takwas, ko da yake hanyar awon ta bambanta. A 1977 sau 121 aka yi shelar gargaɗin ozon mataki na farko a yankin, a 1999 kuwa ko sau ɗaya ba a yi ba, kuma cikin waɗannan shekaru mutane da motoci ƙaruwa suka yi. Ba kwamfuta kaɗai ta yi wannan ba, amma ita ta riƙa nuna inda ya fi cancanta a kashe kuɗi. Wanda ke son ganin abin da hukunci bisa zato ke haifarwa, ya dubi birnin Meksiko, inda a 1989 aka hana kowace mota fita rana guda a mako gwargwadon lambarta, dabara mai daɗin ji a kunne, amma binciken da masanin tattalin arziki Lucas Davis ya wallafa a 2008 bai ga alamar iskar ta gyaru saboda dokar ba, ya kuma ga alamun masu hali sun ƙara sayen mota ta biyu, galibi tsohuwa mai hayaƙi.

To amma a nan ne nake son mu yi hattara, domin akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a zamaninmu, ta cewa da zarar an ce kwamfuta ta faɗa, sai kowa ya kama bakinsa kamar an kawo nassi. Samfurin hisabi alƙali ne wanda bai taɓa fita daga ɗakin shari'a ba, bai taɓa shaƙar iskar da yake hukunci a kanta ba, iyakar saninsa abin da shaidu suka gaya masa. Kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa alƙali mafi adalci da ilmi yana iya yanke hukuncin zalunci idan shaidunsa na zur ne ko masu mantuwa, shi ya sa suka shar'anta tazkiyya, watau a binciki shaidu kafin a karɓi maganarsu. Shaidun wannan alƙali uku ne. Akwai yanayi, wanda zai gaya masa inda iska ta nufa da tsawon murfin da ke bisa gari. Akwai ilmin sinadarai, wanda dole a taƙaita shi, domin cikakken jerin da masanan Ingila suka tattara ya kai wajen mu'amaloli 17,000 tsakanin sinadarai, alhali wanda aka daɗe ana amfani da shi a samfuran hukuma a shekarun 1990 bai kai 100 ba, an tara dangogin sinadarai masu yawa an ba su wakili guda. Sai shaida na uku, wanda ya fi su rauni kuma ya fi su muhimmanci, watau kundin da ke cewa wane ne ya saki me, nawa, a ina, da ƙarfe nawa.

Sau uku aƙalla wannan shaida na uku ya kunyata alƙali a bainar jama'a. Shekaru da dama hukumomin Amurka sun dage kan rage tururi kawai, bisa fatawar samfuran lokacin, kuma a birane irin su Atlanta aka yi ta kashe kuɗi ozon bai sauka yadda aka zata ba, sai a 1988 William Chameides da abokan aikinsa suka nuna cewa itatuwan da suka kewaye birnin suna fitar da nasu tururin, wani sinadari da ake kira aisofirin, mai saurin aiki ƙwarai, wanda aka yi sakaci da shi a lissafi. Tun da kuwa ba za a sare daji ba, sai a koma ga rage iskar ƙuna, kuma a 1991 majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta fitar da rahoton da ya nemi a sake tunani kan mas'alar tun daga tushe. A 1987 kuma, waɗansu masu bincike suka shiga wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa da ke Van Nuys a Los Angeles, suka auna iskar da ke shiga da wadda ke fita, suka ƙirga motocin da suka wuce, sai ga shi tururi da iskar kabon monoksayid da motoci ke fitarwa a kan hanya sun ninka abin da ke rubuce a kundi sau biyu zuwa huɗu, domin kundin an gina shi ne bisa motocin da aka gwada a ɗakin gwaji, hanya kuwa cike take da motocin da ba su ga bakanike ba. A Houston ma, cikin shekarar 2000, sai da aka tashi jiragen sama masu na'urorin awo suka ratsa ta kan masana'antun sarrafa man fetur, kafin a gane cewa waɗansu sinadarai masu saurin haifar da ozon suna tsiyaya ninkin-ba-ninkin abin da aka ba da rahoto.

Abin da ya fi ba ni tsoro cikin labarin Van Nuys shi ne, kafin a gano kuskuren, samfuran suna ba da adadin ozon da bai yi nisa da wanda ake aunawa ba. Yaya aka yi shaidar ƙarya ta haifar da hukunci mai kama da gaskiya? Amsar ita ce kuskure yana iya rufe kuskure: an rage tururi a kundi, amma an ƙara wani abu a wani wuri, ko an ɗan murɗa wani adadi da babu wanda ya auna shi har lissafi ya zo daidai, kamar ɗan kasuwar da ya manta bashin da ake bin sa ya kuma manta wanda yake bi, ya ga littafinsa ya daidaita ya yi hamdala. Irin wannan samfuri zai gaya maka ozon na jiya daidai, amma ranar da ka tambaye shi "in da", wadda ita ce dalilin gina shi, sai ya kai ka ya baro. Ma'abota wannan fanni, in an yi musu adalci, su ne suka fara tona wannan aibi da kansu, kuma shi ya sa a yau hukumar Amurka ba ta ɗaukar adadin da samfuri ya bayar a matsayin yaƙini. Takan ɗauki gwargwadon sauyin da ya nuna, ta ɗora shi bisa abin da na'urorin awo suka gani a ƙasa. Zanni ne mai rinjaye, irin wanda ake gina ijtihadi a kansa, kuma ana sake duba shi duk lokacin da sabuwar bayyina ta zo. Ko a 2018 an sake samun irin wannan, da wani bincike ya nuna cewa yanzu da motoci suka tsabtata, tururin fenti da turare da man shafawa da magungunan goge-goge ya kai na motoci a iskar Los Angeles, abin da kundin hukuma ya ƙasƙantar. Kuma kada a ɗauka an gama da ciwon, domin har yau yankin yana cikin mafi munin ozon a Amurka.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da Kalifoniya? Ruwanmu shi ne duk kayan haɗin suna nan a Kano da Kaduna da Yamai da Maraɗi: rana wadda ta fi tasu, a-daidaita-sahu da babura da tsofaffin motocin da suka gama rayuwarsu a Turai, janareta a ƙofar kowane shago, ƙona shara, ƙona daji da kaka. Mu idan an ce gurɓatar iska, hazon hunturu muke tunawa, wanda ƙura ce da ido ke gani, ita ma cuta ce babba mai zaman kanta. Ozon kuwa yana iya yin yawa ranar da sama ta yi garau. An yi manyan bincike a yankinmu, kamar wanda aka yi kan damina a 2006 da Yamai ta zama ɗaya daga cikin sansanoninsa, da wanda aka yi a 2016 a kan biranen gaɓar teku irin su Kwatano da Lome da Abijan, kuma tun 2017 akwai tauraron ɗan Adam na Turai da ke leƙo iskar ƙuna bisa biranen duniya kowace rana. Ɗalibin jami'a a Zariya yana iya sauko da samfurin hisabi ta intanet yau, ya zana Kano gida-gida, ya fitar da taswira mai launuka ja da kore wadda za ta burge kwamishina. Ina fatan ya yi, domin sana'a ce da muke bukata. Sai dai ina roƙon wanda za a miƙa wa taswirar ya yi tambayar alƙalan da, ya ce su wane ne shaidunka, wa ya zakke su, kuma da wace na'ura a wace unguwa ka gwada abin da kwamfutarka ta faɗa.

Domin idan Amurka, da rajistar kowace mota da ɗakunan gwajinta, ta yi kuskuren ninki huɗu a kundinta, ban ga yadda kundin da aka ƙiyasta daga nesa, bisa yawan jama'a da adadin man da ƙasa ta sha, zai san abin da ke tashi daga Sabon Gari da ƙarfe biyun rana sa'ad da wuta ta ɗauke aka tayar da injuna gaba ɗaya ba. Aikin da ke gabanmu na ƙafa ne da haƙuri kafin ya zama na kwamfuta: a zaunar da ɗalibai a kan gadoji da shataletale su ƙirga abin hawa sa'a bayan sa'a, a bi layin kasuwa a ƙirga janareta a tambayi lita nawa kowanne ke sha, a kafa ko da 'yan na'urorin awo ne, waɗansu a cikin gari, waɗansu a ƙauyukan da iska ke kora hayaƙin birni zuwa gare su, a kuma ware kuɗin gyaransu, domin na'urar da ba a daidaita ta ba ita ma shaidar zur ce. A kan hanyata ta komawa gida daga wurin mai facin nan, na ƙirga 'yan bumburutu bakwai tsakanin shataletale biyu, kowanne da jarkokinsa da galan-galan jere a rana, yana tsiyaya fetur ta mazurari a buɗe, iskar da ke bisa teburinsa tana rawa saboda tururi, kuma ɗaya daga cikinsu, yaro ne da bai wuce shekara goma sha biyar ba, yana fifita da kwali yana kora warin zuwa titi.